Mai Kamun Ƙudan Tumatir

Lukmanu ya gama jami'a ne daf da tarzomar da ta sa aka rufe ta, har yau hannunsa na rawa. A kasuwar Kadawa yana kallon wata malamar jami'ar mai tabarau ɗaure da zare, durƙushe gaban kwandon ruɓaɓɓen tumatir, tana kama mitsi-mitsin ƙudaje cikin kwalbar ɗakin bincike. Ƙila ƙudajen da ta yi shekaru tana kiwo sun mutu a ɗakin bincikenta da aka garƙame.

"Malama, miya za a kaɗa?" in ji wani dillali.

"Ƙwayar gadon da ke hana namijinsu haihuwa nake bincike, Alhaji. Ɗaki suka kulle, ba ƙuda ba."

Ta toshe kwalbar da auduga, ta matsa kwando na gaba. Nata hannun ko gezau.