Kiran da Ban Yi Ba Ranar da Habibu Ya Rasu

A wannan watan aka cika shekara takwas da muka kai Dakta Habibu makwancinsa a nan Riyad. Duk shekara in lokacin ya zagayo sai in ɗauki biro in ce zan rubuta wani abu a kansa, in yi layi biyu in ajiye. Abin faɗa kam akwai shi fal. Matsalar ita ce duk ta inda na ɗauko labarin sai ya biyo ta kaina, kuma ta wurin da ba na son a gan ni. Bana dai na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ni da Habibu unguwa ɗaya muka tashi a Malumfashi. Makarantar allo ɗaya, firamare ɗaya, bulalar malami ɗaya. Shi Allah Ya ba shi kai, aka tura shi karatun likita a Yukiren tun tana ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet, ya dawo da takardar likita da Rashanci a bakinsa kamar can aka yanke masa cibi. Ni kuma na tsaya kasuwa. Da ya sami aiki a wani asibiti a Riyad, shi ya nemo mini kafil, wato Balaraben da ke tsaya wa baƙo a ba shi izinin zama, na zo nake tsaron shagon darduma da jallabiya a kasuwar Dira. Don haka in na ce Habibu nawa ne, ban ɗauka akwai mai ja da ni ba a faɗin garin nan.

Ashe akwai, har mutum biyu. A masallaci ya tsinto su, wurin ajiye takalma, ya ji suna magana da yaren da ya yi shekaru bai ji ba. Iskandar injiniyan lantarki ne, Musulmi ɗan Kirimiya, fasfonsa na Yukiren. Marat kuma likitan haƙori ne, shi ma Musulmi, daga can cikin Rasha. A lokacin su biyun ba ka raba su, mota ɗaya suke zuwa masallaci. Mu Hausawan unguwa ba mu wahalar da kanmu ba, muka haɗa su muka sa musu suna Turawan Habibu.

Daga nan Juma'armu ta canza. A gidan Habibu da ke unguwar Suwaidi, in an sauko daga masallaci, matarsa Hajiya Binta takan aiko da babban faranti ɗaya, shinkafa da nama irin ta Larabawa amma da yajin gida a gefe, a shimfiɗa leda a ƙasa mu zagaye shi. Da mu biyu ne. Yanzu mun zama huɗu, uku suna ta zuba Rashanci suna dariya har Habibu na share hawaye, ni kuma ina tsinke nama ina murmushin da ban san dalilinsa ba. In na tambaya me aka ce, sai ya ce, “Lawal, in na fassara daɗin zai zube.” Ana cewa kishi kumallon mata ne. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama a bakin faranti yana kallon abokinsa na ƙuruciya yana dariya da wani harshe ba. Abin da ya riƙe ni shi ne yamma. In an yi la'asar Turawan su tafi, sai a ɗora shayi, mu miƙe ƙafa mu yi Hausa tsantsa, wa ya yi aure a gida, wa ya rasu, damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Wannan yammar tawa ce, ba na haɗa ta da kowa.

Sai aka wayi gari Rasha ta karɓe Kirimiya daga hannun Yukiren. Juma'ar da ta biyo baya, ko rabin farantin ba a ci ba murya ta tashi. Ban ji kalma ɗaya ba, amma ba sai an fassara wa mutum faɗa ba. Daga baya Habibu ya gaya mini cewa Marat ya ce ai wurin dama nasu ne tun asali, kuma mutanen can sun zaɓa da kansu. Iskandar kuma ya tambaye shi wane irin zaɓe ake yi da soja tsaye a ƙofar gidan uwarsa. Ni da nake ganin dama ta samu in nuna dattako, sai na sa baki da guntun Larabcina na kasuwa, na ce su yi haƙuri, ƙasa duk ta Allah ce. Iskandar ya juyo ya dube ni, ya ce, “Gonar babanka ma ta Allah ce, ya Lawal. Ba ni ita.” Ya wanke hannu ya fita, Marat ma ya fita, kowa da tasa motar haya. Habibu ya ce mini, “Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da ka yi shiru.”

Allah Ya yafe mini, ranar da murna na koma gida. Na ce shi ke nan, baƙo raɓa ne, rana ta fito. Ban san Habibu ba ke nan, ni da nake tinƙahon na fi kowa saninsa. Da ya ga sun rantse ba za su ƙara sa hannu a faranti ɗaya ba, sai ya raba musu Juma'a, wannan ta Iskandar, mai zuwa ta Marat. Wanda ba ranarsa ba kuma, in an yi la'asar Habibu ya sa a zuba abinci a kula ya tuƙa mota ya kai masa har gida, ya zauna da shi har magariba don kada ya ji an ware shi. Zumunta a ƙafa take, in ji shi. To ƙafar nan a kan yammata ta taka. Ƙasashe biyu da ban taɓa gani ba suka yi rigima a kan wani yanki da ban iya nuna shi a taswira ba, ni Lawal na Dira na rasa shayina. Na yi masa ƙorafi sau ɗaya, ya yi dariya ya ce, “Kai ai ɗan gida ne, ba ka buƙatar rana.” Shi yabo ya yi. Ni kuwa abin da na ji shi ne su suna da rana, ni ba ni da ita.

Haka aka yi shekara uku. Bai taɓa cewa wane ke da gaskiya a gabansu ba, ko da yake ni ya sha gaya mini cewa ƙasar da ta ba shi ilimi ba ta cancanci a yanke mata hannu ba. Burinsa ɗaya ne, ya sake ganin su biyun a wuri guda.

Da zuciyarsa ta fara ba shi matsala aka kwantar da shi, sun zo duba shi, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Wata hantsi ina zaune gefen gadonsa ina ɓare masa lemo, ya miƙo mini wata 'yar takarda da lambobi biyu. Ya ce, “Lawal, in ta Allah ta kasance, ka kira su duka biyun. Kada ka gaya wa ɗaya cewa ɗayan zai zo. A gidana sun ƙi faranti ɗaya, amma a sahun jana'iza ba wanda ke zaɓen wanda zai haɗa kafaɗa da shi. Maza, ka yi mini alkawari.” Na yi masa. Amma wallahi raina ya ɓaci. Na jira ya ce wani abu a kaina, a kan shekara hamsin ɗin da muka yi, sai ya juya ya yi barci.

Ranar Laraba da safe ya cika. Takardun asibiti da na ofishin jakadanci suka ja mu har Alhamis, aka sa jana'iza bayan la'asar a wani babban masallaci a unguwar Utaiƙa. Kwana ɗaya da yini ke nan takardar tana aljihun jallabiyata. Na kira Hausawan Riyad kaf, na kira Malumfashi, har mai yi masa aski na kira. Duk lokacin da hannuna ya taɓa takardar sai in ce bari in gama wannan tukuna. A raina kuwa abin da nake faɗa daban ne. Sun cinye mini shi yana da rai, yau kam ba zan tsaya gefe ina kallon wasu suna kuka da yaren da ba na ji ba. Hajiya Binta ta aiko a tambaye ni ko na sanar da Turawansa. Na ce layinsu ba ya shiga. Ni na tsaya a wurin wanka, ni na shiga kabari na karɓe shi, ni na jera masa tubalin da ake rufe kabari da shi a nan. Ba wanda ya yi takara da ni. Sai ranar Juma'a suka ji, suka zo ta'aziyya, ɗaya bayan sallah, ɗaya bayan la'asar, ba su haɗu ba. Na ce musu abin ya zo da gaggawa, suka yarda, har Marat ya rungume ni yana yi mini godiya.

Yau ina yawan tambayar kaina me Habibu zai ce da ya ga abin da ya biyo baya. Rigimar da ta fasa mana faranti ta zama yaƙi sosai. Garin da ya yi karatu, wanda yake ba ni labarin sanyinsa da tsofaffin matan da ke tura masa dankali a aljihu, na gan shi a talabijin gine-gine a rushe. Ina jin da ba zai yi dogon jawabi ba. Da zai nemi kula biyu ne maimakon ɗaya. Kuma na san kaina, da zan sake jin haushi. Marat ya koma gida kafin yaƙin ya ɓarke, na ji an ce an ɗauki ɗan 'yar'uwarsa soja, daga nan labarinsa ya yanke. Iskandar yana nan Riyad. Ya ƙi karɓar fasfon Rasha, don haka hanyar gida ta toshe masa, mahaifiyarsa ta rasu a can aka binne ta ba shi.

Watan jiya ya shigo shago, furfura ta cika masa gemu. Ya ce tunda ba shi da ikon zuwa kabarin uwarsa, yana roƙo in kai shi na Habibu. A nan ba a rubuta suna a kabari, dutse ne kawai a kai da ƙafa, sai wanda ya riƙe lissafin layi. Ni kaɗai na riƙe. Muka je da safe, na nuna masa. Ya durƙusa ya yi addu'a da Larabci, sannan ya koma Rashanci, yana magana a hankali yana kuka. Kun san abin da na ji? Kishin nan dai, bayan shekara takwas, a tsakiyar maƙabarta. Sai kunya ta rufe ni, na ce masa ina da magana. Na gaya masa komai, takardar, alkawarin, da ƙaryar layi ba ya shiga.

Na tambaye shi, da na kira, da zai tsaya kusa da Marat? Ya ce, “Don Habib? Da na tsaya.” Ya kakkaɓe gwiwarsa ya miƙe. Ya ce, “Jana'izar uwata, sai da aka kawo soja da bindiga aka hana ni. Kai ba ka buƙaci ko ɗaya ba.” Na ce ya zo in sauke shi, ya ce zai nemi mota.

Mutane suna tuna Habibu da hannunsa mai sauƙi a wurin allura, da marasa lafiyar da ya duba bayan an tashi aiki, da yaran da ya tarbiyyantar. Duk gaskiya ne, Allah Ya sa su a mizaninsa, Ya jiƙansa. Abin da ya rage mini ni daban ne. Mutumin nan ya yi shekara uku yana jigilar abinci tsakanin mutum biyu, ya tanadi dabara ɗaya ta ƙarshe wadda sai da gawarsa za ta yiwu, ya damƙa ta a hannun wanda ya fi yarda da shi a duniya. Sai yanzu na gane cewa maganar da na jira ya faɗa a kaina a asibiti, ita ce ya faɗa da ya miƙo mini takardar. Bai ba matarsa ba, bai ba ko ɗaya daga cikinsu ba. Ban ce da sun tsaya a sahu ɗaya da yaƙi ya fasa ba, su wa su biyun a wannan babbar wuta? Amma da Iskandar yana da mutum ɗaya a can ɓangaren da zai kira ranar da uwarsa ta rasu.

Tun daga ranar maƙabartar nake kiran lambar Rasha da Marat ya bar mini da zai koma gida, kiran da ya kamata in yi shekara takwas da suka wuce. Muryar wata mata ce ta na'ura ke amsawa, ta faɗi wani abu da Rashanci ta kashe. Ban sani ba ko cewa take a sake gwadawa, ko cewa take lambar ba ta da mai ita yanzu. Iskandar ya daina ɗaga wayata. Ɗayan da zan iya tambaya kuma ni da hannuna na jera masa tubali.