Waƙar Kakarta da Kafintan da Ya Fi Ni

Shekarun baya akwai wata tsohuwa a Barnawa, 'yar tsibiran Karibiyan, wadda aure ya kawo Kaduna. Tana da waƙar da ta gada wajen kakarta, ba ta san ma'anarta ba, an dai ce mata bayi ne suka tsallaka teku da ita. Burinta ta san asalinta kafin ta bar duniya. Ɗanta ya nemo ni, don an ce masa ina karanta tsofaffin takardun ajami.

Na rubuta kalmomin yadda ta rera. Wata guda ina jujjuya su, na kai su Larabci, na dawo da su Fulatanci, suka ƙi. Duk da haka kullum sai na gyara rawani na ce, "Mama, an kusa."

Ran nan abokina, kafinta daga Unguwar Romi wanda ko baƙi bai sani ba, ya kai ni a babur. Yana daga bakin ƙofa ya ji tana rerawa.

"Mama, in kakarki tana waƙar nan, me hannunta yake yi?"

Ta ɗaga hannu biyu ta sauke.

"Daka ke nan. Inda kike yin shiru, nan abokiyar dakan take amsawa. Waƙar mutum biyu ce, rabi kika gada."

Aka aro turmi a maƙwabta. Tana rerawa yana dakawa, kowane shiru ya faɗa kan taɓarya. Ta yi kuka, ta ce yanzu ta gane kakarta wata take jira ta amsa. Ni kuwa ƙirjina kamar an zuba garwashi.

Da ta ce na rubuta bayanin domin ɗanta ya fassara wa danginta, sai na rubuta, "Bincikenmu ya nuna." Ban ambaci kafinta ba. Na karanta a gabansa, ya yi dariya.

"Malam, ai kai ne mai alƙalami. Mu namu guduma."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai bayan kwana uku na yi istigfari na sake rubuta takardar da sunansa.

Na sha yi wa mutane wa'azin hassada, ban san ɗakina take haya ba. Har yau in aka yabe shi ina cewa Masha Allah, amma nakan ɗan dakata na duba ko daga zuciya ta fito.