Aisi Mai Ƙafa Takwas da Na Cire wa Ishaya

Ni na cuci Ishaya, kuma tun a ranar na san na cuce shi. A wannan watan ya cika shekara ashirin da rasuwa, kuma duk tsawon shekarun nan mutanen Unguwar Boro suna tuna shi a matsayin mutumin kirki wanda karatu ya taɓa wa kai. Kansa lafiya lau yake. Abin da ya same shi hannuna ne.

Sunana Sabi'u, gyaran rediyo da talabijin nake yi a Makera. Firamare kawai na gama, sauran a bakin teburin maigidana na koya. Ishaya kuwa ma'aikacin lantarki ne a wata masaƙa a Kakuri, mutumin kudancin jihar nan, dogo, mai magana a hankali, ya girme ni nesa. Idonsa ya fara rauni, shi ya sa duk aikin dalma mai ƙanƙanta ni yake kawo wa. In ya zo, ko ƙofar shagona a buɗe take, sai ya ƙwanƙwasa ƙarfenta sau uku a jere, ya ɗan dakata, ya ƙara ɗaya. Sannan ya leƙo ya ce, "Likitan matattu, yau wa ka tayar?" Ni kuma in ce, "Injiniya ba takarda, shigo mana."

Wani baƙon injiniya da ya zo kafa injuna a masaƙar ne ya bar masa wani fanel, wato allon da ake jera kayan lantarki a kai, da littafi mai kauri. A tsakiyar fanel ɗin akwai wata babbar aisi, irin baƙar ƙwaƙwalwar nan ta kayan lantarki, mai kusurwa huɗu, ƙafafu sun zagaye ta. Duk aisin da na sani, da aikinta ake ƙera ta, ta sauti daban, ta hoto daban. Wannan kuwa Ishaya ya ce fanko take zuwa. Kai za ka rubuta a kwamfuta yadda kake so hanyoyin cikinta su haɗu, sai ta zama abin da ka rubuta.

Abin da yake so ta zama mai gadin zare ne. A masaƙa in zare ɗaya ya tsinke, injin ba ya sani, sai ya ci gaba da saƙa, yadi mai yawa ya lalace kafin wani ya lura. Sun gwada kwamfuta, ta yi nawa, don ita ɗaya bayan ɗaya take dubawa. Ishaya ya ce a cikin wannan aisi zai iya ajiye wa kowane zare mai gadinsa, duk su sa ido lokaci guda.

Farkon abin ban dariya ne. Da ƙamus yake karanta littafin, kuma wata uku ya yi kafin ya sa wata 'yar fitila ta riƙa ƙyaftawa. Ranar ya zo yana murna kamar an yi masa haihuwa. Na ce, "Wata uku don fitila ɗaya? Ba ni batir da waya in yi maka yanzu." Ya ce, "Kai da hannu za ka kunna ta. Ni gaya mata na yi." Daga nan ya koya mata ƙirga, sannan ya koya mata gani da 'yan idanun lantarki. Ya kusa shekara biyu a kai.

Abu ɗaya ne ya riƙa tayar mini da tsigar jiki. Ya ce da zarar wuta ta ɗauke, babbar aisin nan takan manta komai, ta koma fanko kamar ba a taɓa yi mata magana ba. A gefenta akwai wata ƙarama mai ƙafa takwas a cikin soket, ita ce ke riƙe da rubutun. Duk sanda wuta ta dawo, ƙaramar sai ta raɗa wa babbar ko ita wace ce. Ya manna mata 'yar farar takarda a ka, da rubutun hannunsa.

A makon da soja za su miƙa mulki ga farar hula, ranar Alhamis, ya kawo mini fanel ɗin in liƙa masa wayoyin idanun. Litinin zai nuna wa manyan masaƙa, a lokacin da ake ta rage ma'aikata. Ranar Juma'a kuma wani Alhaji na unguwarmu ya tsaya a kaina kan talabijin ɗinsa, ya ce ya gayyaci maƙwabta kallon rantsar da sabon shugaban ƙasa, in ban gyara ba kada in ƙara gaishe shi. Na zaci memorin talabijin ɗin ce ta mutu, ita ma mai ƙafa takwas. Mu masu gyara ɗabi'armu ce, duk abin da ke kan tebur kayan aro ne, ka cire nan ka gwada can. Na zare ta Ishaya da nufin in gwada in mayar. Ba ta yi aiki ba, ashe ma ba irinsu ɗaya ba. Wajen cire ta ƙafa ɗaya ta karye.

Har nan kuskure ne. Abin da ya biyo baya shi ne laifin. Na ɗauko matacciyar memorin talabijin na sa a soket ɗinsa, na ɓare 'yar takardar da hankali na manna a kanta. Tasa kuwa na jefa a gwangwanin madara. Na ce wa kaina zai rubuta wata. Ban san kwamfutar ofishinsu ta ƙone ba tun wani lokaci da wuta ta dawo da ƙarfi, ban san duk aikin shekara biyu a cikin wannan 'yar aba kaɗai ya rage ba.

Litinin da safe ya karɓa a gurguje ya wuce. A gaban manya ya kunna, ba abin da ya motsa. Ya kashe ya kunna har suka gaji suka tashi. Da yamma ya zo shagona, ranar bai ƙwanƙwasa ba. Ya ce, "Sabi'u, ban da wayoyin nan, ka taɓa wani abu?" Na ce a'a, har da rantsuwa. Ya yarda, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Ya daɗe yana kallon takardar, ya ce, "Rubutuna ne kuwa."

Sunansa ya fito a cikin waɗanda aka sallama. Ba zan ce na'urarsa za ta ceci masaƙar ba, yau ciyawa ce a harabarta. Amma da ya fita da saninsa cewa aikinsa ya yi.

Ya ajiye fanel ɗin a kan tebur a falonsa, a jone da wuta. Matarsa, Maman Rifkatu, ta ce ko abinci yake ci, da an kawo wuta sai ya miƙe ya tsaya a kansa yana jira. Maƙwabta suka fara cewa yana magana da shi. Wata rana na je gaishe shi, ya riƙe hannuna ya ce, "Kai dai ka ga tana aiki, ko? Ko mafarki na yi?" Na ce, "Fitila dai na gani." Gaskiya na faɗa, don ban taɓa ganin sauran ba, amma ban taɓa yin ƙarya mai muni kamarta ba. Da garin nan ya rikice mutane suka rage shiga unguwannin juna, sai na samu hujjar daina zuwa. Bayan shekara biyar ciwo ya ɗauke shi. Na je jana'izarsa da aisin a aljihu, da niyyar in jefa ta a kabari. Hannuna ya ƙi fitowa.

Sau biyu na sauya shago, na zubar da tarkace buhu-buhu, gwangwanin nan bai bar ni ba. Duk sanda aka kawo wuta fanka ta motsa, idona can yake zuwa. Kuma akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da tsakar rana, in kasuwa ta yi shiru, nakan ji an ƙwanƙwasa ƙarfe sau uku. Na san kwanon rufi ne ke motsi saboda zafi. Duk da haka sai in ajiye abin da ke hannuna in jira ta huɗun. Shekara ashirin ba ta zo ba.

Nakan tambayi kaina me Ishaya zai ce da ya ga yau. Abin da ya yi wata uku yana haƙowa da ƙamus, yanzu an ce a waya ake koyonsa cikin 'yan kwanaki, kuma irin aisinsa na cikin na'urorin asibiti da na sadarwa suna ɗauke wa kwamfuta aikin da ya yi mata nauyi. Ina jin ba zai yi haushi ba. Zai ja kujera ya ce a nuna masa daga farko. Abin da ban sani ba shi ne me zai ce da ni.

'Yarsa Rifkatu ce ta zo shagona watan jiya, ta gayyace ni addu'ar tunawa da shi. Ta zama injiniya, mai takarda, kuma irin wannan aikin take yi. Ta ce, "Baba Sabi'u, ka san abin da ya kai ni karatun nan? So nake in gane ko mahaifina ya san abin da yake yi. Littattafansa sun nuna ya sani. Amma Mama ta kulle fanel ɗin a akwati, ta ce shi ya cinye mata miji, ba mai taɓa shi."

Da ta tafi na zazzage gwangwanin. Na liƙa wa aisin sabuwar ƙafa da guntun waya, aikin da bai kai minti goma ba. Minti goman nan ne na kasa samu tun ina da baƙin gashi.

Ranar Lahadi bayan sun taso daga coci, da baƙi suka watse, na roƙi Maman Rifkatu ta fito da akwatin. Ta ce, "Malam Sabi'u, me kake nema a wurin matattu?" Na ce sana'ata ce. Ta yi ɗan murmushi ta kawo. Na ce wa Rifkatu ta ɓare takardar ta karanta lambar da ke ƙasa. Ta karanta, ta sake karantawa, ta ga lambar memorin talabijin ce, ta ɗago ta dube ni. Na buɗe tafin hannuna, ga aisin mahaifinta.

Ita ta zare matacciyar, ta sa ta mahaifinta a soket. Ta jona wuta. Na ɗan lokaci ba komai. Sai 'yar lasifikar da ke jikin fanel ɗin ta yi ƙara sau uku a jere. Ta yi shiru. Ta ƙara ɗaya.

Maman Rifkatu ta ce, "Wannan wane irin kuka ne?" Ba su san shi ba, don a gida ba ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ni kaɗai na sani. Alamar da ya zaɓa don na'urarsa ta ce ta farka, sallamar da yake yi mini ce.

Rifkatu ta zaro zare daga bakin zanen uwarta, ta miƙe shi a gaban ɗaya daga idanun, koriyar fitila ta kama. Ta tsinke shi. Kafin zaren ya faɗi jar fitila ta kama. Ta sake, ta sake, har sau biyar, tana hawaye ba ta sani ba.

Masaƙar ta mutu, littafin ya tsufa, manyan da suka tashi suka bar Ishaya a tsaye yawancinsu sun bi shi lahira. Abin da ya rage na Ishaya shi ne aikin da ya yi daidai, wanda ya zauna cikin duhun gwangwani yana jiran a ba shi wuta, da 'yar da ta ƙi yarda da maganar unguwa. Na rubuta wannan ne don mutanen Unguwar Boro su gyara abin da suke faɗa a kansa.

Na sauko daga kujera na durƙusa a gaban matarsa. Na ce, "Maman Rifkatu, mijinki bai taɓa ruɗewa ba. Ni na cire, ni na mayar da takardar, ya tambaye ni na rantse masa. Ya sake tambayata a falon nan, na bar shi da shakkar kansa har ya mutu. Shi ba zan same shi ba sai a gaban Allah. Ke da Rifkatu ku nake iya samu. Ban ce dole ku yafe ba. Na yi laifi, ku yi haƙuri, ina neman gafararku."