Ɗan Farina a Bakin Raga

Shekarar da ƙungiyar ƙwallon garinmu ta haura rukuni na biyu, golanta ɗana ne na fari. Yanzu na rubuta haka cikin sauƙi, domin takarda ba ta kallon mutum. A lokacin kuwa ko da wuƙa a wuya ba zan faɗa a gaban jama'a ba. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi. Ni ma ɗan fari ne, kuma mahaifina ya koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Kai" yake ce mini, in ba na wurin ya ce "wancan". Ban taɓa ɗaukar abin ƙiyayya ba. Da aka yaye nawa yaron mahaifiyata ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, ni kuma na ci gaba da "kai" ɗin da na gada.

Ni tela ne, shagona yana kan hanyar da 'yan wasa ke bi in za su fili. Kullum da la'asar sai su wuce suna hayaniya, shi ya rage tsawo daga bakin ƙofa ya gaishe ni, ni kuma in amsa ina kallon allura.

Tun ba a fara gasar ba Inna ta aika aka kira ni. Na same ta tana tsintar wake a faifai. Ba ta ɗago ba ta ce, "Yaron ga ya ce in ekip ɗinsu ta ƙwallo ba ta hau ba bana, Jado za shi tahi."

Jado ita ce wurin haƙar zinariya can arewa, inda samarinmu ke tafiya. Ɗan maƙwabcinmu ya je, rami ya rufta da shi, waya kawai aka bugo wa uwarsa. Alhajin da ke ɗaukar nauyin ƙungiyar ya yi alkawarin in sun haura zai sa 'yan wasan aiki a wajensa, to wannan alkawarin ne kaɗai ke riƙe da yaron a Dakoro.

Na ce, "Inna, ki hana shi mana."

Ta ce, "Na hana, bai ji ba. Maganar uba ta rage."

Ita ma ta san nauyin abin da ta faɗa. Umarni zan iya aikawa ta bakin ƙanena, amma umarni ba ya tsare saurayin da ya fara aske gemu. Roƙo ne zai tsare shi, kuma roƙo ba a aika shi. Sai in zaunar da shi, in dube shi, in ce ina tsoron kada in rasa shi. Na gwada faɗar kalmomin ni kaɗai a shago, ko keken ɗinki na ji kunyarsa. Daga ranar na ɗora dukkan begena a kan ƙwallon ƙafa, abin da a da nake kira aikin marasa aiki.

Farkon gasar ba daɗin ji. A lokacin ma yaron a benci yake zaune, mai tsaron ragar wani ƙato ne mai tumbi wanda in ya faɗi ƙasa sai ya yi shawara kafin ya tashi. Aka ci mu a gida, aka ci mu a waje. Ranar wata kasuwa sai rago ya tunkuyi ƙaton nan a turken dabbobi, kafaɗarsa ta goce. Allah ya gafarta mini, ban yi baƙin ciki ba. Har yau in ana lissafin waɗanda suka haura da ƙungiyar, ni a zuciyata da ragon nan nake farawa.

Washegari mai horar da su ya kawo rigar gola a rage ta, don mutum biyu irin yaron za su shiga cikinta. Taubashina yana zaune a shagon, kamar yadda ya saba zuwa ya sha mini shayi ya kuma ci mini mutunci. Ya ce, "To malam tela, ka san awon mai rigag ga, ko a kirawo shi ka gan shi karon hwarko?"

Na ce zan kintata. Na yanka ban auna kowa ba, na ɗinke. Da yaron ya sa, sai ka ce a jikinsa aka saƙa ta, hannun ya tsaya daidai wuyan hannu. Taubashin nan bai bar fadar 'yan shayi ko guda ba sai da ya kai labari, wai ga telan da bai san ɗansa ba amma ya san faɗin kafaɗarsa. Na yi kwanaki ina bin bayan gari in zan je masallaci.

Daga nan al'amura suka juya. Ƙwallo ta daina shiga ragarmu, 'yan gaba kuma suka sami natsuwa. Ni ma na ƙirƙiro wa kaina aiki: duk ranar wasa sai in saɓa ɗinki a kafaɗa, wai zan kai wa wani mushe, wato malamin boko, a bayan lakwal, makarantar da ke jikin fili. Katangar lakwal ɗin tana da wata ɓaraka da ake hango ragar gabas. In an juya bayan hutun rabin lokaci, sai in dawo shago da ɗinkina, in zauna ina sauraron ihun gari ina fassara shi.

Wasan da kowa ke tunawa shi ne wanda suka je suka buga ta wajen Ɗan Gulbi. Ana dab da tashi alƙalin wasa ya ba masu gida bugun daga kai sai mai tsaron gida, yaron ya tashi sama ya ture ƙwallon. Suka dawo da nasara, mota ta shigo gari ana kaɗa galan. Mutane suka cika mini shago suna barka, ni kuma na yi abin da ya kamaci uban kirki. Na taɓe baki na ce, "Wane barka? Tsalle na kawai, ko akuya ta iya. Da sana'a ya koya da ya hi mishi."

Aka yi dariya, dattawa suka gyaɗa kai, an san na fita kunya. Da mutane suka ɗan dare sai na gan shi tsaye a bakin ƙofa, ya zo gaisuwa, gwiwarsa duk ta ƙuje. Ya rage tsawo ya ce, "Ina wuni, Baba," ya wuce. Ni na san abin da maganata take nufi, domin haka mahaifina ya yabe ni ranar da na ɗinka rigata ta farko. Ban tabbata yaran yanzu sun san wannan yaren ba. Inna ta ce mini a makon ya sayo jakar tafiya.

Wasan ƙarshe a gida aka yi shi, da wata ƙungiya daga Maradi, cikin zafin bazara. Canjaras ma ya ishe mu, amma in aka ci mu shi ke nan. Ɓarakar katanga ba za ta ishe ni ba ranar. Na ari rawani wajen wani Buzu mai kawo mini ɗinki, na naɗe fuskata sai idanu, na kutsa cikin jama'a na tsaya bayan raga.

Muka fara ci. Bayan an dawo hutu ragar yaron ta dawo gabana, ina jin numfashinsa, ina ganin ɗinkina a bayansa. Can sai ya kama wata ƙwallo mai sauƙi, ya ajiye ta ƙasa yana gara ta da ƙafa, yana duban wanda zai ba. Bai san wani ɗan wasan Maradi da ya zame ya fita daga fili ya tashi ba, yana lallaɓowa ta bayansa. Duk fili aka ɗauka, "Gola, bayanka! Gola!" Bai ji ba, ko ya ji ya ɗauka ihun da aka saba ne.

Ban san lokacin da na ja rawanin ƙasa ba. Na kira sunansa, sunan yanka, da iyakar ƙarfina.

Ya ji. Amma maimakon ya dubi bayansa, sai ya juyo gaba ɗaya wajen 'yan kallo, hannuwansa a sake, yana neman inda muryar ta fito. Ɗan Maradin ya ɗauke ƙwallon a ƙafarsa ya gara ta cikin raga kamar mai mayar da kaza akurki. Suna can suna murna, shi ko ragar bai kalla ba. Ni yake kallo.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Waɗanda ke kusa da ni suka gane ni, na ji wani yana cewa, "Ai tela na, ubanshi na." Wani tsoho ya kawar da kai don ya rufa mini asiri, wannan ya fi zagi zafi. Kunya biyu ta haɗe mini: na tsiraita kaina a gaban gari, kuma da bakina na zura wa ɗana ƙwallon da za ta iya kai shi Jado. Sauran lokacin 'yan Maradi suka tare a gidanmu, yaron ya yi ta faɗuwa yana tashi, har wata ƙwallon ya tare da fuska. Duk wadda ya kama sai in ji kamar ni aka tsamo daga rijiya. Da alƙali ya hura tashi, an tashi canjaras, fili ya rikice, ni kuma na zame ta bayan lakwal da rawanin mutane a hammata.

Gari ya yi kwanaki yana biki, ni ina zaune a shago da ƙofa rabi a rufe. Taubashina ya koyi muryata tsaf, in ya hango ni sai ya dafe ƙirji ya buɗe baki kamar zai yi kiran. Mata a gida in na shigo sai su sunkuyar da kai suna danne dariya. Inna dai ta dube ni ta girgiza kai, ban san ko tir take yi ba ko wani abu dabam. Ban iya tambayarta labarin jakar ba. Alkawarin Alhaji yana nan, amma na san yaron da aka ce wa akuya ta fi shi zai iya tafiya ko an haura.

Wata la'asar ina ɗinki sai inuwa ta tare mini haske. Ya rage tsawo ya gaishe ni, na amsa ina kallon allura. Ya ajiye rigar golan a kan tebur, ta yage a hammata, lambar baya ta ɓalle gefe guda.

Ya ce, "A gyara ta, Baba. Da ita za ni kama ƙwallo baɗi."

Na ce to. Na jawo rigar, na yi kamar ina duba yagewar. Ya miƙe ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya ya ba ni baya. A hankali ya ce, "Na ɗauka ka mance sunan."

Ya jira kaɗan. Bakina ya buɗe, amma abin da ya fito shi ne, "Ka zo jibi ka amsa."

Rigar nan na gama ta kafin magariba. Na ɓoye ta ƙarƙashin yadin mutane har jibin, don kada a ce na yi saurin ɗinkinsa.