Ƙunar Kasko a Ledar Inna

Yayana ne ya shimfiɗa wa Inna leda a ɗakinta, shekarar da Baba ya rasu. Daga Kazaure ya ɗauko ta a naɗe a bayan babur har ƙauyenmu da ke gefen Gwiwa, ruwan ƙasa mai zanen katako, sai sheƙi take. Da farko so ya yi ya tafi da Inna gidansa, ta ce ita da barin ɗakin nan sai dai gawarta. Aka kai ruwa rana, daga ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya: za ta zauna muddin tana iya kula da kanta, ranar da ta kasa kuwa sai Kazaure.

Yaya mutum ne mai son ƙa'ida, aikin ofis ya shiga jininsa. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana jero mata dokoki. Shara da tsintsiyar laushi. Goge da tsumma mai ɗan danshi, kada a kwara ruwa ya shige ƙarƙashi. Kada a ja gado, kada a shigo da takalmi, yashi yana cin fuskar leda. Wuta kuwa ko kusa. Inna na ta gyaɗa kai tana cewa to. Ni dai na san wannan to ɗin tun ina yarinya.

Amma ta riƙe ledar nan fiye da yadda muka zata. Duk lokacin da na zo daga Roni, inda nake aure, sai in tarar da ita fes. Jika ya shigo da ƙafa buɗu-buɗu, kafin ya zauna ta bi sawunsa da tsumma. A ganina, ba ledar take so haka ba. Kowace goga gaya wa Yaya take yi cewa har yanzu da sauranta.

Wata damina na zo na ga daddumarta shimfiɗe a bakin gado, ba ta ma kalli gabas ba. Inna ba ta barin dadduma a ƙasa bayan salla. Na ɗaga. Ƙuna ce baƙa, zagayayya daidai gindin kasko, bakinta ya ƙanƙance ya naɗe.

"Inna, me ya faru nan?"

"Ƙafafun nan ne suka matsa mini da sanyin ruwan nan," ta ce, idonta a ƙasa. "Na ɗebo garwashi zan gasa su. Inda na saba direwa na dire. Hannu ne ya riga tunani."

Tun tana amarya a nan take ajiye kasko, a kan daɓe, kuma daɓe bai taɓa cewa komai ba. Ta kamo zanina. "Kada yayanki ya ji. Zai ce na fara ruɗewa." Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Inna ba sai ranar, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Na ce za a yi dabara. Na yanko ƙyalle daga ledar ƙarƙashin gado, na karɓo gam wajen mai facin taya, na liƙa, muka danne da turmi. Da muka ɗaga sai ga facin yana ƙyalli shi kaɗai, domin ta ƙarƙashin gado ba ta taɓa ganin ƙafa ba, sauran kuwa duk ta koɗe. Ko daga bakin ƙofa ana hango shi.

Ran Asabar Yaya ya zo. Ya durƙusa ya gaishe ta, idonsa ya sauka a wurin. Ya sa farce ya ɓamɓare facin, ya daɗe yana kallon ƙunar. Inna ta riga shi magana.

"Ni ce. Ka bar ni in ga kaka, in ya so sai mu tafi."

Ya juyo gare ni ya ce, "Samo mini reza." Na ɗauka gyara zai yi. Sai ya yanke ledar a kusurwa huɗu, faɗin faifai biyu, ya cire, ya danne bakin da gam. Tsohon daɓen ya bayyana, ja, da santsinsa.

"Inna, ga wurin kaskonki," ya ce. "Laifina ne da na rufe shi."

Ta zuro ƙafa daga kan gado a hankali, ta ɗora tafinta a kan daɓen, ta bar shi a nan.

"Ni da gwaggonninku muka daɓe shi," ta ce. "Ina da cikinka."