Wayar da na zura ta taga

Masinja nake a wani ofishi a hanyar Chanchaga, saura shekara biyu in yi ritaya in fara cin fanshona. Karatuna aji uku ne, shi ma rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi shi. Amma makullin ɗakin na'urori a hannuna yake, don ni ke share shi. A ciki akwai wani akwatin ƙarfe mai ramuka a jere, suna ce masa suwic. Kowace kwamfuta a ofishin da wayarta da raminta.

Na lura wasu ramukan ba kowa. Bayan katangarmu kuwa akwai wani mutumin Bida mai shagon buga takardu, kullum kukan rashin intanet yake. Na ga ai ɓarna ce a bar rami a banza. Ya sayo doguwar waya, na zura ta taga, na soka. Wata huɗu ina shan shayi kyauta a shagonsa, ina jin kaina injiniya.

Sai aka kawo injiniyar gaske, wata 'yar kudancin Kaduna marar yawan magana. Ta yi wuni biyu zaune gaban akwatin da kwamfutarta a cinya. Rana ta uku mutumina ya ce intanet ya ɗauke.

Na bi ramukan banzan ɗaya bayan ɗaya, duk a mace. Sai wayona ya nuna min ramin Darakta, da koriyar fitilarsa tana ƙyaftawa, shi kuma yana wajen taro. Na zare tasa na soka tamu. Fitilar ta mutu. Na yi maza na mayar da tasa. Ba ta kama ba. Na hura ramin, na karanta duk addu'ar da na iya, shiru.

Da Darakta ya dawo ya tarar ba intanet ya hau faɗa, aka kira injiniyar. Ta duba kwamfutarta kaɗan, ta ja ni gefe.

"Baba, wa ya shiga nan ƙarfe goma da kwata?"

Na ce wane ne ya gaya mata. Ta nuna akwatin. Wai ta koya wa kowane rami kwamfutar mai shi, in baƙuwa ta zo sai ya kulle kansa, ya kuma rubuta lokacin. Ƙarfen da nake goge wa ƙura, ashe shaida ne a kaina.

Ta bi wayar har taga. Ta ce tsawon watannin nan, duk wanda ya zauna a shagon can, in ya san hanya, zai iya kaiwa ga takardun ma'aikata, har da nawa na ritaya.

Na ce, "'Yata, shekara biyu ta rage min."

Ta ce dole ta rubuta rahoto, kuma ba za ta yi ƙarya ba. Ta rubuta cewa an samu waya daga waje, an cire, kuma makulli ya koma hannunta. Ba ta sa suna ba, Darakta bai tambaya ba. Na miƙa mata makullin da hannu biyu.