Ghisaram, Maginin Bangon Gabas

Shekara talatin da shida ina sayar da shayi a ƙofar tsohon gidan attajiri Seth Mangilal, ban taɓa riga Ustad Ghisaram Kumawat fitowa ba. Kafin in hura wuta ya jingine kekensa, ya buɗe ramin da yake jiƙa farar ƙasa a bayan gidan, ya juya ta da sanda, ya ƙara mata ruwa. Daga nan sai ya bi bango yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, kunnensa a manne, yana sauraron inda yaɓe ya rabu da dutse. Idan ya gama ya zo ya sha shayina, ya ce ruwa ya yi yawa. Watan gobe zai ajiye aiki, gwiwoyi sun ƙi tsani.

Ba zan ce abokina ne ba. Mutum ne mai wuyar zama, gaisuwa ma a taƙaice yake amsa ta. Abin da na gani da idona kawai zan faɗa.

Manyan motocin yawon buɗe ido ba sa biyowa ta garinmu. Baƙinmu masu jaka a baya ne, ɗalibai daga Pune da samarin Turai, su sauko daga bas duk ƙura, su kwana a saman rufina, mutum biyu su raba farantin gurasar roti da miyar wake. Bangon gabas na gidan Seth ne yake kawo su, inda masu zane na zamanin da suka zana jirgin ƙasa mai tarago bakwai da giwa tsaye tana kallonsa.

Shekara takwas da suka wuce bangon ya fara kumbura. Jikan Seth, Devendra, ya taso daga Kolkata da ɗan kwangila da buhunan siminti, yana so a gama kafin sanyi, lokacin baƙi. A kan bencina aka yi maganar.

"Ustad, kai sati nawa zai ɗauke ka?" in ji Devendra.

"Shekara uku, yallaɓai. Ko huɗu."

Ɗan kwangila ya leƙa kwanon da Ghisaram yake kwaɓa yaɓe, ya tuntsire da dariya. "Tsoho, gini kake ko girki? Ga mazarƙwaila, ga hulba. Gishiri kawai ya rage."

"Gishirin kai za ka kawo shi," in ji Ghisaram. "Bango numfashi yake yi. Ka toshe masa hanci da siminti, damina ɗaya zai yi gumi ya tofar da zanen."

Ni bayan ɗan kwangila na bi, ba na ɓoyewa. Bangon da aka rufe da katako shekara huɗu ba ya kawo mai shan shayi. Na ce, "Haba Ustad, bari mutane su ci abinci mana." Ko kallona bai yi ba, ya ce, "Ratan, je ka gyara shayinka tukuna."

A ranar Devendra ya sallame shi. Washegari Ghisaram ya zo a lokacinsa, ya juya raminsa, ya je ya zauna a ƙasa daidai ƙafar giwar. Leburori suna kwaɓa siminti a gabansa, babu mai ƙarfin halin ɗaga tsoho. Bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba. Rana ta biyu wata ɗaliba daga cikin masu kwana a rufina ta ajiye jakarta ta zauna kusa da shi. Rana ta uku sun zama tara, kowa da waya a hannu. Devendra ɗan kasuwa ne, ya san abin da hoto yake yi wa suna. Ya ce a yi wa kamu biyu na ƙarshen bango siminti, sauran a jira damina ta yanke hukunci.

Ruwa na ɗaukewa gishiri ya fito fari fat a gefen simintin. Wata safiya tarago na bakwai ya ɓamɓaro ya zube ƙasa kamar ɓawon ƙwai. Devendra ya aiko daga Kolkata a ba Ustad bangon.

Shekara huɗu da wata biyu ya yi a kai. Ustad, kai ne ka riƙa ɗura ruwan farar ƙasa a bayan zane da ƙaramin cokali, taƙi ɗaya a yini, ka jira ya sha. Kai ne ka goge yaɓe da dutse mai santsi da kwakwa har tafin hannunka ya tsage. An ce ka sake zana taragon da ya faɗi, ka ce ba kai ka zana shi ba, ka shafe wurin fari ka bar shi haka. Maginin da ya san iyakar hannunsa.

Makon jiya wani ɗan rakiya ya kawo baƙi biyar da jakunkunansu. Muna zaune da Ghisaram muna ji yana cewa, "Ku duba da kyau, tun zamanin Seth hannu bai taɓa wannan bango ba. Wancan farin wurin, girgizar ƙasa ce ta cinye shi."

Na miƙe zan gyara masa zance. Ghisaram ya kama wuyan hannuna.

"Zauna, Ratan. Ai ya biya ni, tunda bai ga inda hannuna ya taɓa ba."

Ustad, mun gode. Ni ma da na tsaya a ɗaya ɓangaren na gode, don taragai shidan nan ne suke ciyar da gidana har yau. Ku kuma masu tasowa da cokalin gini a hannu, ku je ku tsaya a gaban bangon gabas ku nemi inda ya taɓa. Idan kun gaji ba ku samu ba, ku koma ku yi aikinku haka.